Ejan mai lasisi da ta haɗa mini takardun zuwa Nova Scotia a Kanada: abin da kuɗina ya saya da abin da bai saya ba

Tun ranar da na sa hoton dusar ƙanƙara a WhatsApp, ba a yin sati guda wata tsohuwar abokiyar aiki ba ta turo mini saƙo ba. Bayan gaisuwa da tambayar yara, maganar ɗaya ce: "Don Allah wane ejan ne ya yi miki hanya?" Na gaji da amsawa gutsure-gutsure cikin saƙon murya tsakanin aikin dare da barci, shi ya sa na zauna na rubuta komai wuri guda. Ba zan faɗi sunan matar ko na ofishinta ba, domin akwai yabo a cikin maganata, akwai kuma ƙorafi, kuma ba na so ƙorafina ya zama ɓata suna ga wadda ta riƙe mini amana.

Abu na farko da nake so ya shiga kunnen kowa: ba ita ta samo mini aiki ba. Ni nas ce, na yi shekara 8 a wani babban asibitin gwamnati, yawanci a ɗakin mata masu jinya. Aikin da ya kawo ni Kanada ni na nema da hannuna, daga cikin jerin kamfanonin da gwamnatin lardin Nova Scotia ta amince su ɗauko ma'aikata daga waje, jerin da ke shafinta na intanet kowa yana iya buɗewa kyauta. Na aika takardar neman aiki wurare da yawa, akasarinsu ko amsa ban samu ba. Wani gidan kula da tsofaffi da ke kudu maso yammacin lardin, can wajen Yarmouth, shi ya kira ni hira ta bidiyo sau biyu, sannan ya ba ni aikin mataimakiyar mai jinya.

Tsarin da na bi sunansa Atlantic Immigration Program. An fara shi a matsayin gwaji a 2017, ya zama na dindindin a 2022, kuma na larduna huɗu ne da ke bakin tekun Atlantika: Nova Scotia, New Brunswick, Prince Edward Island, sai Newfoundland da Labrador. Yankin ya tsufa. Matasa sun daɗe suna tafiya Ontario da Alberta neman na kansu, an bar ƙananan garuruwa da dattawa, gidajen jinya da masana'antun kifi na neman hannu ruwa a jallo. Saboda haka ba maki ake tarawa ba kamar a wasu tsare-tsaren Kanada, mai ba da aiki ne ke jan ragama. Ya ba ka aiki, wata ƙungiyar taimakon baƙi ta tsara maka yadda za ka zauna, lardi ya sa hannun amincewa, sannan ka miƙa takardar neman zama na dindindin ga gwamnatin tarayya. Idan babu aikin, babu komai.

To me ya kai ni biyan wani kuɗi? Tsoro. Kafin nan wani mutum a Abuja ya nemi miliyoyin naira a wurinmu, wai yana da "takardar aiki" a ajiye, sunana kawai za a cike. Maigidana ne ya ce a'a, abin da ake sayarwa kamar tumatir a kasuwa ba aikin gaskiya ba ne. Daga baya na san cewa a Nova Scotia doka ta hana a karɓi kuɗi daga ma'aikaci don a samo masa aiki. Amma abin ya bar mini fargaba, na ga cewa kuskure ɗaya a takarda zai iya rushe komai. Wata 'yar ajinmu da ke Halifax, babban birnin lardin, ta ba ni sunan wannan matar, ta kuma ce kada in yarda da ita ma kanta, in duba. Masu ba da shawarar shige da fice a Kanada suna ƙarƙashin wata hukuma, College of Immigration and Citizenship Consultants, wadda ta fara aiki a Nuwamba 2021, tana da rajista a buɗe. Na sa sunan matar, ya fito da lambar lasisinta mai farawa da harafin R, da shaidar cewa lasisin yana aiki. Minti biyu ya ɗauke ni. Duk wanda ya karɓi kuɗinki don wannan aiki alhali ba ya cikin rajistar nan, kuma ba lauya ba ne mai rajista a can, to a idon Kanada ba wakilinki ba ne.

Ta caje mu dalar Kanada 3,500, kashi uku, kuma kafin sisi ya fita daga hannunmu sai da ta turo yarjejeniya a rubuce: ga abin da za ta yi, ga abin da ba za ta yi ba, ga yadda za a mayar da kuɗi idan an fasa. A ciki ta rubuta ƙarara cewa ba ta ba da tabbacin samun biza. Wannan layin ne ya fi kwantar mini da hankali, domin mutumin Abuja rantsuwa yake yi da Allah cewa sati shida za a yi a gama. Kuɗin gwamnati daban yake. A lokacin, wato 2023, babba yana biyan dala 850 na duba takarda da 515 na haƙƙin zama, yaro 230, sai 170 na ɗaukar zanen yatsu ga iyali. An ƙara kuɗin a ƙarshen Afrilu 2024. Kashi na biyu na kuɗinta ya faɗo ne bayan an saki naira a watan Yunin 2023, abin da muka ƙiyasta ya tashi a banza cikin 'yan kwanaki. Na rubuta mata na gaya mata halin da ake ciki, ta ɗaga mana wata guda ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Ban manta da wannan ba.

A hirarmu ta farko ta fanshi kusan rabin kuɗinta. Ina da sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS a hannu, wanda na yi lokacin da nake tunanin Ingila, ina ta murna na rage aiki. Ta ce in nuna mata takardar a kyamara. Tana dubawa ta girgiza kai: na ɗalibai ne, wanda ake kira Academic, su kuwa hukumar shige da fice General Training suke karɓa. Da na miƙa shi haka, da an dawo mini da takarduna. Ta bayyana mini cewa aikin da aka ba ni mataki na 5 na ma'aunin harshensu yake buƙata, kuma sakamakon bai kamata ya wuce shekara 2 ba. Ita ce kuma ta nuna mini wata ƙofa da ban san da ita ba: a wannan tsarin ana yarda nas ta yi amfani da shekarunta na aikin nas don ta karɓi aikin mataimakiyar jinya. Awa 1,560 ake nema cikin shekara 5 da suka wuce, ni kuwa na ninka hakan sau da yawa. Matsalar ita ce a tabbatar da shi a takarda.

Nan ne na ga ƙwarewarta, nan ne kuma na fi jin haushinta a lokacin. Asibitinmu ya ba ni wasiƙa irin wadda muka saba, mai cewa ni ma'aikaciya ce mai ƙwazo da ladabi, ana yi mini fatan alheri. Ta dawo da ita ranar. Ta ce jami'in da zai karanta ba ruwansa da ladabina, yana so ya ga ranar da na fara aiki, awa nawa a sati, albashi nawa, da ayyukan da nake yi da hannuna ɗaya bayan ɗaya: ba da magani, auna jini, wanke ciwo, rubuta rahoton mara lafiya, miƙa aiki ga mai karɓa. Na koma ofishin mulki. Na zauna a kan wani benci na katako tun daga ƙarfe 9 har aka yi azahar, fanka ba ta juyawa, magatakarda yana cewa oga ya fita taro. Wasiƙa ta biyu ta fito babu adadin awanni. Ta uku ta fito babu lambar wayar da za a kira a tabbatar. Da na turo ta ukun ta sake cewa a'a, na ajiye wayar na yi kuka a cikin mota. Maigidana ya ce, "Maman Khalil, ai don wannan muka biya ta. Da 'to' kawai muke so mu ji, ai da mun ba mutumin Abuja." Ta huɗu ce ta wuce. Ba a taɓa dawo mana da tambaya a kanta ba.

Sai maganar suna. A takardar WAEC akwai "tu" a ƙarshen sunana, a fasfo babu, a takardar makarantar nas kuma sunan mahaifina ne a baya, a katin aiki na maigidana. Mu a gida wannan ba komai ba ne, kowa ya san mutum ɗaya ne. Ta sa na yi rantsuwa a babbar kotu, ta rubuta gajeren bayani na shafi ɗaya ta haɗa, ta jera kowace takarda da sunan da ke kanta. Aurenmu na masallaci ne, goro da alawa da shaidu, babu takarda, sai da muka nemo shaidar aure a hukumance muka haɗa da hotunan biki.

Akwai wata rana da ba zan manta ba. Muna zaune mu biyu gaban kwamfuta, sai ta ce za ta yi tambayoyi biyu masu nauyi, mu yi haƙuri. Ta farko, ko ina da kishiya, domin Kanada aure ɗaya ta sani. Babu. Ta biyu ta juya ga maigidana: ko yana da wani ɗa a wani wuri, ko da ba zai zo tare da mu ba. Ɗakin ya yi tsit. Yana da ɗa da matarsa ta fari, yaron yana wurin kakarsa tun yana goye, kuma mun riga mun yanke cewa ba sai an ambace shi ba tunda ba tafiya zai yi ba. Ta yi magana a hankali, ba faɗa. Ta ce dole a rubuta shi, dole a yi masa gwajin lafiya kamar sauran. Ɓoye shi ƙarya ce a idon doka, hukuncinta haramcin shiga ƙasar na shekara 5, kuma yaron da ba a ambata ba yana iya rasa damar a ɗauko shi nan gaba. Maigidana ya yi tafiya har garinsu ya roƙi Hajiya, wadda da farko ta ɗauka raba ta da jikanta za a yi. Aka kawo yaron Abuja aka duba shi tare da ƙannensa, aka mayar mata da shi. Yau sunansa yana cikin fayil ɗinmu, ƙofarsa a buɗe take duk ranar da ya so. Ko wannan kaɗai ta yi mana, ban yi asarar kuɗina ba.

Kuɗin nuni a banki ma ta ja mana kunne: kada a ranto a zuba a cire, ana ganewa. Na sayar da sarƙa da 'yan kunnen gwal na lefena, shi ya sayar da mota, muka ajiye rasit ɗin komai. Ta kuma lura cewa dala 230 da ake biya lokacin neman izinin aiki na wucin gadi nauyin mai ba da aiki ne, ba nawa ba, ta tabbatar su suka biya.

Yanzu ga inda ta gaza, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

A watan Mayun 2023, daidai lokacin da muke ta fama da wasiƙar asibiti, hukumar ba da lasisin nas ta Nova Scotia ta buɗe hanya mai sauri ga nas-nas daga ƙasashe 7, kuma Najeriya na ciki, tare da Filifin, Indiya, Amurka, Birtaniya, Ostireliya da New Zealand. Wato ina iya fara neman lasisina na cikakkiyar nas tun ina gida, in shirya jarrabawar NCLEX da ake ci kafin a ba nas lasisi, in iso da ƙafa ɗaya a cikin sana'ata. Ba ta ce mini uffan ba. Ban ji labarin ba sai bayan na iso, a ɗakin shan shayi, daga bakin wata 'yar Filifin da ta yi mamakin ganin nas mai shekara 8 tana canja zanen gado. Kafin in fara, ƙa'idojin tantance takardun nas a gida sun canza a farkon 2024, layi ya yi tsawo, na ci kusan shekara guda ina jira. Da na yi mata magana, ta ce lasisin sana'a ba ya cikin yarjejeniyarmu, kuma gaskiya ne, na koma na karanta, ba ya ciki. Amma a lardin take zaune, ta san ni nas ce, ita da kanta ta yi amfani da hakan wajen cike mini takarda. Jimla ɗaya ta isa: "Ki leƙa shafin hukumar nas." Bambancin albashin mataimakiya da na nas a wata goma sha biyu ya fi abin da na biya ta nesa ba kusa ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Na biyu, samunta wuya. Imel kawai, kuma amsa kan ɗauki kwana huɗu ko biyar. Tsakaninmu da su awa 4 ne da bazara, 5 da hunturu, saboda haka sa'ad da ofishinta ke buɗewa ni ina tsakiyar aiki. Cikin wata tara an canja mataimakanta sau biyu, kowanne sai na sake ba shi labari daga farko, ɗaya ma ya sake neman takardun da na riga na tura. Kiran waya na ƙari bayan waɗanda ke cikin yarjejeniya kuɗi ne. Ga mutumin da ya sayar da gwal ɗin aurensa yana jiran amsa, kwana biyar na shiru daidai yake da wata.

Na uku, da na tambaye ta yadda garin yake, ta ce wuri ne mai kyau a bakin teku, mutanen kirki, ba nisa da Halifax. Biyun farko gaskiya ne. Na ukun kuwa, tafiyar awa uku da wani abu ce a mota. Na sauka a watan Nuwamba 2023 ni kaɗai da izinin aiki, wanda ya ɗaure ni ga mai ba da aikin nan shi kaɗai har takardar zama ta fito. Satin da na iso ake shirin buɗe kakar kamun lobsta, wani ƙaton jatan lande da shi ne arzikin yankin, tashar jiragen ruwa cike da keji an jibga su kamar buhunan gyaɗa. Rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 5. Babu mai keke, babu ɗan acaɓa, kuma lasisin tuƙina na gida ba a musanya shi kai tsaye, sai an yi jarrabawa. Gidan haya ya yi wuya ƙwarai. Wurin aikina ne suka ba ni ɗaki na makonnin farko, sannan wata ma'aikaciyar ƙungiyar taimakon baƙi ta bi ni gida-gida har muka samu mai ɗaki biyu a dala 1,400 a wata. Ita ce ta kai ni na yi katin lafiya da lambar biyan haraji, ta nuna mini shagon da ake sayar da rigunan sanyi na hannu. Wannan taimakon kyauta ne, yana cikin tsarin, kuma a rayuwar yau da kullum ya fi amfanar da ni fiye da wanda na biya.

Azumin 2024 ni kaɗai na yi shi. Naman halal sai wanda na sayo a Halifax na cika firiza. Ina aikin dare, sahur a ɗakin ma'aikata da burodi da shayi. Akwai wani tsoho a ɗaki na ƙarshe, tsohon masunci, hannayensa duk kanta, ba ya barci. Kullum wajen ƙarfe 4 zai danna ƙararrawa, ba don wani ciwo ba, yana so a buɗe masa labule ya ga fitilun jirage suna fita. 'Ya'yansa uku duk suna Alberta. Ya lura ba na shan komai bayan alfijir, ya tambaya, na gaya masa. Daga ranar kullum sai ya ɓoye lemon da ake ba shi da abincin dare a cikin durowa, idan na shigo ya miƙo mini ya ce, "Kafin rana ta fito." A wurinsa na fahimci abin da ake nufi da ƙarancin ma'aikata. Kuma a wurinsa na fi tuna ɗakin matan da na baro, inda nas biyu ke kula da gadaje fiye da talatin, yanzu an rage ɗaya. Najeriya na cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce su ma suna cikin ƙarancin ma'aikatan lafiya. Na san haka sa'ad da na hau jirgi, kuma bai bar ni ba.

Takardar zamanmu ta fito a watan Afrilu 2024, maigidana da yara suka iso bayan babbar Sallah da sati biyu. Shi da ya yi shekaru yana koyar da lissafi, a masana'antar kifi ya fara, yana tsaye cikin takalmin roba. Da takardar zama mutum yana da 'yancin komawa duk inda ya so a Kanada, amma mun sa hannu cewa niyyarmu zama a lardin nan, kuma mutanen nan sun riƙe mu da mutunci, saboda haka muna nan.

Wadda za ta fara yau ta sani cewa ƙofar ta ƙuntata. A Oktoba 2024 gwamnatin Kanada ta rage yawan masu zama na dindindin da za ta karɓa a 2025 zuwa 395,000 daga 500,000 da aka tsara da farko, an kuma zaftare kason larduna. Aikin lafiya yana cikin waɗanda ake fifitawa, amma jira ya ƙaru. 'Yan'uwanmu na Nijar masu Faransanci su dubi New Brunswick, lardi ɗaya tilo da Turanci da Faransanci duk harsunan hukuma ne, kuma ana karɓar jarrabawar Faransanci a wannan tsarin.

Shin zan ba da shawarar a je wurinta? Idan takardunki irin nawa ne, suna ya bambanta, aure babu takarda, akwai ɗa a wani ɗaki, to eh, ki biya mai lasisi, bayan kin samu aikin ba kafin ba. Idan ke kaɗai ce, sunanki ɗaya a ko'ina, Turancinki ya zauna, za ki iya cike komai da kanki daga shafin gwamnati ki adana kuɗinki na hayar wata biyu da rabi. Ƙanwar ƙawata ta kira ni makon jiya tana neman lambar matar. Na ba ta, amma sai da na sa ta buɗe shafin hukumar nas muna kan waya, ta karanto mini sharuɗɗan da ke kai a yau da bakinta, sannan na tura. Ni kuma littafin NCLEX yana cikin jakata, ina karanta shafi goma-goma a hutun dare.